Waiwaye: Wa ke yanke diyyar ma'aikacin da ya ji rauni?

A da, idan injin yankan katako ya gutsure yatsun yaro a Sabon Garin Sakkwato, ko lebura ya faɗo daga saman gini, maganar ba ta wuce bakin shago. Maigida ya biya kuɗin ɗinki da allura, dattawan sana'a su zauna a kan benci su ce ƙaddara ce, a shafa fatiha. Kafin ciwon ya warke an ɗauki wani a gurbinsa.

Ba rashin doka ba ne. Tun 1941 Turawan mulkin mallaka suka kafa dokar diyyar ma'aikata, gwamnatin Babangida ta sabunta ta a 1987. Sai dai ta ɗora biyan a wuyan mai kamfani kai tsaye: albashin wata 42 ga iyalan wanda ya rasu a bakin aiki. In ya ƙi biya, sai kotu. To, wane lebura ne zai ɗauki lauya ya ja da mai ba shi na cefane?

A Disambar 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a sabuwar doka. Yanzu mai ɗaukar ma'aikata zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun da hukumar NSITF ke kula da shi. Jami'anta ne ke fara duba koke: shin a wurin aiki aka ji raunin? Nawa ya kamata a biya? Wato hukuncin farko a ofis ake yanke shi, ba a gaban alƙali ba.

Wannan iko babba ne, amma yana da iyaka. Wanda bai gamsu ba yana da kwana 180 ya nemi hukumar ta sake dubawa. Daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na uku ya damƙa wa shari'ar ƙwadago, kuma tana da reshe a nan Sakkwato. Maganar jami'i ba ita ce ta ƙarshe ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda haƙƙi ke salwanta tun kafin a kai ga ofishin. Doka ta ce a sanar da maigida cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto ga hukuma cikin kwana 7, a shigar da takardar neman diyya cikin shekara guda. Mai walda da tartsatsi ya lalata wa ido, yana kwance ana masa sannu, wa ya faɗa masa kwanaki na tafiya? Katin asibitin ma an naɗe magani a cikinsa an yar. Jami'i kuwa da takarda yake aiki, alƙalin da za a je gabansa daga baya ma ita zai nema.

Sulhu alheri ne, yarda da ƙaddara kuma ba ta hana karɓar haƙƙi, domin addininmu ya san diyya. Aikin yana kan ƙungiyoyin makanikai da magina da masu walda: su matsa wa iyayen gidansu su yi rajista da asusun, su kuma ware mutum ɗaya mai rubuta ranar hatsari da sunayen shaidu, ya adana takardar likita tun ranar farko.