Siririn gashin da ke kashe injin babur

Ranar wata Juma'a ina zaune a ƙofar gida a Lajawa sai ga ɗan ƙanwata yana turo babur ɗinsa, gumi ya jiƙa masa riga. A irin wannan rana kamata ya yi a ce yana hanyar kasuwar Wudil yana jigilar mutane da buhunan hatsi. Ya ce da ni, "Kawu, sau uku ke nan ina canja boris cikin wata biyu, kuma har yanzu kan babur ɗin karkarwa yake yi kamar mai zazzaɓi." Da na bi diddigi, sai na gano cewa ciwon ya fara ne tun ranar da aka sauke injin aka sa masa sabon kwanrod.

Bari in ɗan yi wa mai karatu bayani. A cikin inji akwai ƙarfen da makanikai ke kira karanshaf, wanda ke mayar da hawa da saukar fistin ya zama juyi. A ƙananan babura masu silinda ɗaya, irin waɗanda suka cika ƙauyukanmu, ba dunƙulallen ƙarfe ba ne. Faifai ne guda biyu masu nauyi, an haɗa su da wani gajeren fin da aka matse da ƙarfin inji, kwanrod kuma yana rataye a tsakani. Duk mai son canja kwanrod dole ya raba faifan nan, sa'an nan ya sake haɗa su. To, a wajen haɗawar ake yin ɓarna. In faifan ba su zauna a kan layi ɗaya ba, sandunan da ke fita dama da hagu za su riƙa rangaji yayin juyawa.

Babu karanshaf ɗin da ya rasa rangaji ɗungurungum, shi ya sa kamfanoni suka yanka masa iyaka. A littattafan gyara na ƙananan injinan Yamaha da dama, iyakar ita ce milimita 0.03. Wasu injinan Honda ana yi musu haƙuri har zuwa 0.10. Don a gane ƙanƙantar abin, kaurin takardar rubutu kusan milimita 0.10 ne, silin gashi kuwa sau da yawa bai kai haka ba. Wane ido ne zai ga sulusin kaurin takarda? Amma injin da ke juyi 6,000 a minti, wato sau 100 a kowace daƙiƙa, yana jin sa sarai. Boris ne ke fara shan wahala, sai robar da ke tare baƙin mai ta saki, notina su kwance, wani lokaci ma maganaɗisu ya riƙa gogar kwayil.

Ba na zargin makanikanmu da ha'inci. Yawancinsu masu basira ne, wasu da sauraren kukan inji kaɗai suke gane ciwonsa. Kayan awo ne babu. Na sha ganin an ɗora karanshaf a kan kututture, an kora fin da guduma, an juya shi a hannu an ce ya miƙe. Alhali aikin yana buƙatar abin matsewa, da ƙarafa biyu masu baki kamar harafin V da za a kwantar da shi a kai, da wani ɗan agogon awo mai allura wanda kowane layinsa ke nuna milimita 0.01. A juya a hankali, a duba tazarar da allura ta yi tsakanin sama da ƙasa, a ɗan doki faifan da gudumar jan ƙarfe, a sake aunawa. Wurin da aka tokare ƙarfen da wurin da aka ɗora allurar ma suna canja lissafi, don haka sai an bi yadda littafin wannan injin ya tsara.

Tun da aka hana acaɓa a birnin Kano a watan Janairun 2013, mutanen birni suka koma Adaidaita Sahu. Mu a karkara babur ne motar asibiti, shi ne jakin kai amfanin gona kasuwa. Saboda haka nake ganin ƙungiyoyin makanikai a Wudil za su iya yin karo-karo su sayi agogon nan ko da guda ɗaya ne, a ajiye a hannun wani amintacce. Ga kuma Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote a garin, da ɗaliban injiniya waɗanda suka san awon a allo amma ƙila ba su taɓa sauke injin babur ba. Haɗuwar yini guda za ta amfani kowane ɓangare.

Shi dai ɗan ƙanwata, mun naɗe karanshaf ɗin a tsumma muka kai wa wani dattijo mai aikin ƙarfe a Kano. Da ya ɗora agogo, allura ta haura 0.20. Ya yi kusan rabin sa'a yana duka yana aunawa kafin ta sauko 0.03. Abin da ya karɓa bai kai kuɗin boris ukun da aka zubar ba. Da muka tashi tafiya ya ce, "Alhaji, ka gaya wa yaron ya sa sabuwar robar mai kafin a rufe injin."