Lafiya Uwar Jiki: Wayar Hannu da Mai Ciwon Sukari

A gidajenmu na Garwa da Marwa da wuya a rasa dattijo mai ciwon sukari, kuma da wuya a same shi ba waya a aljihu. Sai dai da yawa suna ƙyamar na'urar awon sukari, wasu saboda tsadar takardun gwaji, wasu saboda ba su karanta Faransanci.

A shekarar 2014 ƙasar Senegal, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, ta fara aika wa masu wannan ciwo saƙonnin tunatarwa ta waya a watan azumi. Mu ma muna da abin yi. Ɗa ko jika ya saita ƙararrawar waya don lokacin shan magani, ya riƙa rubuta sakamakon awo ana nuna wa likita. Idan awo ya gaza giram 0,70 a lita, a ba shi abu mai zaƙi nan take, matuƙar yana cikin hayyacinsa. A kuma kare insulin daga zafin Maris da Afrilu.

Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya.