Makankarin Gulbin Rima: Ba Masunci Ne Mai Laifi Ba

Idan ruwa ya janye bayan kaka, masuntan Isa da Sabon Birni sukan janyo taru su tarar da makankari, wadda wasu ke kira kumba, ta biyo kifi. A jefar da ita a tudu, rana ta buɗe mata baki, ta mutu. Ka ta da maganar a gaban ɗan boko, zai ce: ƙasar da 'yan bindiga suka hana noma da cin kasuwa, wa ke ta ɓawo? Wannan amsa ta yi kama da tausayi, amma gajeren tunani ce.

Makankari matatar gulbi ce. Tana kwance cikin laka tana zuƙar ruwa, tana tace dattinsa dare da rana. 'Ya'yanta kuwa ba sa girma sai sun maƙale a jikin kifi na ɗan lokaci, kifin ya ɗauke su zuwa wani gurbi. Saboda haka inda kifi ya ƙare, ita ma zuriyarta ta yanke. Inda ta mutu da yawa, ruwan ne ya ɓaci. Ba ta iya gudu kamar tarwaɗa, shi ya sa ta zama shaidar da ba ta ƙarya. Wanda ke shan Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi, ya shayar da dabbobinsa, ya yi noman rani a fadamarsu, shaidar a kansa take.

Amurka na da kusan nau'i 300 na wannan halitta, kuma kimanin biyu bisa uku suna cikin haɗari. Ba ƙugiya ce ta kai su nan ba. Madatsun ruwa ne da gurɓata. Mu ma mun datse namu: Zobe a kan Karaduwa, Jibiya a kan Gada, Goronyo a kan Rima. Wasu nau'o'inmu na iya binne kansu cikin laka su jira damina, amma sun saba da janyewar ruwa a hankali, ba da ƙofar dam da ake rufewa dare ɗaya ba. Ƙara da gamalin da ake zuba wa kududdufi, da maganin feshi da ke gangarowa daga fadama, da haƙar yashi. Dokar kamun kifi ta tarayya ta 1992 ta haramta guba da nakiya. Wa ke tsaron ta a bakin gulbi?

Kada a zo wa masunci da wa'azin waje. Kakanninsa sun san hutar da ruwa. Har yau Matan Fada a Argungu a rufe yake sai ranar biki. Abin da ake nema gare shi kaɗan ne: mai rai, ya mayar da ita laka. Sarkin Ruwa ya faɗa, za a ji.

Babban nauyin na kanmu ne. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ta riƙa sakin ruwa da lissafin abin da ke rayuwa a ƙasan gulbi. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da cibiyar binciken kifi ta New Bussa su ƙidaya makankarin Gobir, da masunta a matsayin idanunsu inda tsaro ya hana malami zuwa. Mai cewa babu haɗari, ya kawo ƙidaya. Zaman lafiya zai dawo da yardar Allah. Kada mutanen Gobir su koma gida su tarar da mataccen gulbi.