Rigar Iska: A Fara Da Mahayan Baburan Gwamnati

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin filin jirgin saman Abuja lokacin da ayarin wani babba ke wucewa ya san wanda ke fara bayyana: mai babur, yana sheƙa gudu yana buɗe hanya. A bayansa motoci ne masu jakar iska a sitiyari da gefen ƙofa, wasu ma harsashi ba ya huda su. Shi kuwa daga hular kwano sai kakin da ke jikinsa. A cikin ayarin nan kaf babu wanda ya kai shi kusanci da ajali, kuma babu wanda aka kashe wa kuɗi kaɗan kamarsa.

Akwai rigar da aka ƙera domin irinsa. Falmaran ce ko jaket mai jakar iska a ciki, haɗe da 'yar kwalbar gas. Nau'i biyu ne. Na farko yana da igiya da ake maƙalawa a jikin babur. Idan mahayi ya rabu da sirdi da ƙarfi, igiyar ta fizge, gas ya cika rigar. Na biyu na'urori ne ke auna motsin jiki, su gane faɗuwa tun ana cikinta, su hura rigar cikin ƙasa da ƙiftawar ido. Abin da take karewa shi ne ƙirji da haƙarƙari da gadon baya, kuma tana tallafe wuya. Kamfanoni irin su Dainese da Alpinestars na Italiya da Helite na Faransa sun daɗe suna sayar da ita. Gasar tseren babura ta MotoGP ta wajabta ta tun 2018. Gasar Dakar ta bi sahu a 2021, shekara guda bayan rasuwar Paulo Gonçalves ɗan ƙasar Fotugal a hamadar Saudiyya.

Na san abin da zai fara zuwa zuciyar wasu jami'anmu idan suka ji wannan: a kafa doka, a tilasta wa kowane ɗan acaba. Ina roƙon kada a fara. Mun ga yadda ta kaya a watan Janairun 2009, lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta soma tilasta sanya hular kwano, har wasu suka riƙa kifa ƙwarya a ka don su wuce shingen jami'ai. Hular da ba ta kai ko kusa da kuɗin wannan riga ba ke nan. Rigar iska mai inganci ɗaruruwan daloli ce, wato albashin watanni da dama ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Dokar da talakan Nyanya ko Mararaba ba zai iya bi ba, abin da za ta haifar shi ne sabuwar kafar karɓar na goro a bakin titi.

Inda gwamnati ke da iko da kuma nauyi shi ne kan ma'aikatanta. Ba 'yan rakiyar ayari kaɗai ba: akwai 'yan sandan sintiri, da jami'an kiyaye haɗurra, da masinjojin da ke yawo da wasiƙu tsakanin Sakatariyar Tarayya da hukumomi. Waɗannan ba don sha'awa suka hau babur ba, aiki ne ya ɗora su. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta amince cewa raunin da aka samu a bakin aiki haƙƙi ne a wuyan mai aikin. Idan haka ne, sayen riga ya fi sauƙi a kan jinyar karayar baya, balle a zo ga marayu. Adadinsu kuma ba wani mai yawa ba ne. Kuɗin jif ɗaya daga cikin waɗanda ke bin bayansu zai tufatar da mahaya masu yawa.

Kada a yi mata kallon laya. Ba ta kare kai, don haka hular kwano na nan a matsayinta na farko. Ba ta kare ƙafa, kuma wanda ya yi taho-mu-gama da tirela sai dai addu'a. Ga zafin Abuja a watan Maris, wanda zai sa mutum ya rataye ta a ofis idan ba mai shan iska aka sayo ba.

Abin da ya fi damuna shi ne halinmu na sayen kaya mu manta da kula da su. Kwalbar gas sau ɗaya take aiki, sai an sauya ta. Mai na'ura tana buƙatar caji, wasu ma sai an biya kuɗin rajista duk shekara ko an mayar da su kamfani bayan sun tashi. A ganina mai igiya ta fi dacewa da mu, domin mahayi da kansa zai iya sauya kwalbarta cikin 'yan mintoci. Don haka mataimakin da zai rubuta wa babban sakatare takarda a kan wannan batu, ya sa kwalaben sauyi da horar da mahaya a cikin kwangila ɗaya da rigunan, ya kuma nemi a gwada su a jikin mahaya ashirin na tsawon damina da rani kafin a yi odar sauran.