Ciwon ɓarin kai: Mai gudun haske ba raki yake yi ba

A gidaje da yawa, idan mace ta saki labule da tsakar rana, ta kashe fitila, ta ce kanta na sarawa, abin da ake fara cewa shi ne son jiki ne ko gudun aiki. Idan kuwa ta ce tana ganin walƙiya ko wasu layuka masu ƙyalli kafin ciwon ya sauka, sai a ce iska ce ta taɓa ta. A ganina wannan hukunci zalunci ne, kuma ilimin likitanci ya daɗe da rushe shi.

Ciwon ɓarin kai yana kama kusan mutum 1 cikin 7 a duniya, kuma mata sun ninka maza sau uku wajen kamuwa. Idan ya taso yakan ɗauki awa 4 zuwa 72, sau da yawa da tashin zuciya ko amai, kuma mafi yawan masu shi ba sa iya jure haske.

Dalilin yana cikin ƙwaƙwalwa, wadda ke aiki da ƙananan saƙonnin lantarki. A 1944 wani masani ɗan Brazil, Aristides Leão, ya gano cewa wata igiyar lantarki kan tashi ta ratsa saman ƙwaƙwalwa a hankali, kimanin milimita 3 a minti ɗaya, ta bar wurin da ta bi ya yi tsit na ɗan lokaci. Masana na ganin idan ta bi ta ƙeya, inda cibiyar gani take, shi ne mutum ke ganin walƙiyar nan. Bincike da dama kuma sun nuna cewa idan aka yi ta ƙyafta wa mai lafiya haske, ƙwaƙwalwarsa kan saba ta rage amsawa, amma ta masu wannan ciwo da yawa ba ta sabawa, ko a ranakun da kan bai tashi ba.

Hujja mafi ƙarfi ta fito a 2010, daga tawagar Farfesa Rami Burstein na Jami'ar Harvard a Amurka. Sun binciki makafi 20 masu ciwon ɓarin kai. Waɗanda aka cire wa ido ko jijiyar ganinsu ta mutu gaba ɗaya, haske bai ƙara musu ciwo ba. Amma waɗanda ba sa ganin siffar komai, sai dai suna iya bambance haske da duhu, ciwonsu ya tsananta a cikin haske. Tawagar ta gano hanyar jijiya da ta tashi daga ido ta haɗu da ƙwayoyin da ke ɗaukar saƙon ciwon kai. Makahon da haske ke ƙara wa ciwo, wane aiki yake gudu?

Wani zai ce ai masu ƙarya za su fake da wannan. Gaskiya ne babu gwajin jini da ke tabbatar da ciwon, kuma likitoci ba sa dogara da na'urar auna igiyoyin ƙwaƙwalwa wajen gano shi. Bayanin maras lafiya suke saurara. Idan likita ya yarda da bakin mai ciwo, miji ko malami ko shugaban ofis ba shi da hurumin ƙaryata shi.

Abin da ake nema bai fi ƙarfin kowa ba. Ɗaliba ta samu izinin barin kujerar bakin taga. A canja ƙwan fitilar da ke ƙyafta a ofis. A gida a bar mai ciwo ya kwanta a ɗaki mai duhu, a janye yara, wani ya karɓi girki ba tare da gori ba.

Mai ciwon ma da nasa aikin. Ya rage hasken wayarsa, musamman da dare, ya kiyaye lokacin barci da abinci, ya sha ruwa. Baƙin tabarau na da amfani a rana, amma yawan saka shi a cikin ɗaki na ƙara wa ido rashin jure haske. Shan maganin kashe zafi kamar farasitamol kwana 15 ko fiye a wata kan haifar da wani ciwon kan na daban, don haka wanda ciwonsa ya yawaita ya ga likita, akwai magungunan rigakafi.

Sai dai a kula. Ciwon kai da ya zo farat ɗaya da tsananin da ba a taɓa ji ba, ko wanda ya haɗu da zazzaɓi da ƙagewar wuya, ko mutuwar ɓarin jiki da karkacewar baki, ba na kwanciya a duhu ba ne. Yana iya zama sanƙarau ko shanyewar ɓarin jiki. A garzaya asibiti nan take.