Raddi Kan Masu Raina Lissafin Gidajen Dara

A wasu majalisun Agoè-Zongo, inda aka mayar da Zangon Lome bayan rushe tsohon a 1977, akan ji ana musun labarin mai wayon da ya roƙi sarki ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko na allon shaɗaranji, biyu a na biyu, ana ta ninkawa har gida 64. Masu musun na da hujja uku: wai tatsuniya ce, wai jimillar ba ta rabuwa, wai ba ta da amfani. Duk ukun ba su tsaya da ƙafafunsu ba.

Labarin sarkin yana iya zama tatsuniya, ko da yake malamin tarihi Ibn Khallikan ya kawo shi a ƙarni na 13. Lambar dai ba tatsuniya ba ce: 18,446,744,073,709,551,615. Masani Al-Biruni ya fitar da ita kusan shekara dubu da suka wuce, ba kwamfuta ba kalkuleta. Mai shakka ya gwada da darar ƙasa mai rami 30. Ya jefa dala ɗaya a ramin farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku. Kafin ya cike na ƙarshe ya zuba dala 1,073,741,823, wato sefa sama da biliyan biyar. Allon sarki kuwa yana da sauran gida 34, kuma alkamarsa ta fi abin da duniya za ta noma a shekara dubu.

Hujja ta biyu ta fi rauni. Ɗan makarantar firamare ma ya san duk lambar da ta ƙare da 5 tana rabuwa biyar. A tara alƙaluman jimillar a sami 87, ke nan tana rabuwa uku. Da za a warware ta duka, ga abin da ke ciki: 3, 5, 17, 257, 641, 65,537 da 6,700,417.

Na biyar da na ƙarshe suna da tarihi. In aka ninka su da juna a sami 4,294,967,297, wadda Fermat, masanin lissafi Bafaranshe, ya yi zaton ba ta rabuwa sai da ɗaya ko da kanta. Wani masanin lissafi, Euler, ya warware zaton a 1732, shekarar da Muhammad al-Kashinawi, malamin Katsina, ya rubuta littafinsa kan hatimin lissafi. Masu musun na Zongo dai sun faɗa ramin da babban masani ya taɓa faɗawa, sai dai nasu ramin a fili yake.

Batun amfani kuwa yana aljihun mai musun. Yawancin wayoyin zamani suna aiki da ma'aunin bit 64, kuma wannan lamba ce mafi girma da gurbi 64 na sifili da ɗaya ke iya ɗauka.