Kwabo mai huji da ya goge ba na sikelin 'yan gwangwan ba ne

Manomin da ya koma gonarsa a Gwaska bayan shekaru yana gudun hijira, idan garmarsa ta tono wani ɗan ƙarfe zagayayye mai huji a tsakiya, zai ɗauka ya goga a jikin rigarsa, ya ga rubutun ya shafe, tauraron da ke jiki ya dushe. Daga nan ko ya cilla shi cikin ciyawa, ko ya miƙa wa yaro ya haɗa da guntayen langa da tsoffin tukwane, a kai wa mai gwangwan ya aza a sikeli.

Duka biyun asara ce, kuma a wuri irin Gwaska asarar ta fi zafi.

Ranar Asabar 5 ga Mayun 2018 'yan bindiga suka afka wa garin, wanda ke ƙaramar hukumar Birnin Gwari a jihar Kaduna, suka kashe mutum fiye da 40, har da mata da yara, suka cinna wa gidaje wuta. Inda wuta ta bi, takarda ba ta tsira. Rasit ɗin haraji, wasiƙar ajami, hoton kaka, duk sun zama toka, kuma dattawan da ke riƙe da labarin gari a ka wasu sun rasu, wasu sun watsu a garuruwa. Ƙarfe kuwa yana jure wuta da damina. Tun da gwamnatin jihar ta sanar da sulhu a ƙarshen 2024 aka sake buɗe kasuwar dabbobi ta Birnin Gwari, mutane na komawa gonaki da kangwaye, kuma abin da ya fi yiwuwa su tarar daga zamanin kakanninsu shi ne irin wannan tsabar da kowa ke raina wa.

Abin da ke jikin ƙarfen

Kafin zuwan Turawa, wuri ne kuɗin ƙasar Hausa, tare da riyal ɗin azurfa mai hoton Sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya, wanda fatake ke shigowa da shi. Duk wanda ya tsinci riyal ɗin nan zai ga 1780 a jikinsa, amma kada ya ɗauka shekarar da aka buga shi ke nan. Matar ta rasu a 1780, aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekarar har tsawon ƙarni biyu, saboda 'yan kasuwa ba su yarda da wani ba.

A 1904 Turawa suka hana shigo da wuri. A 1907 suka fito da kwabo da anini, duka masu huji, domin a riƙa shirya su a zare. Babu hoton sarki a jikinsu, sai sunansa da kambinsa, da tauraro mai tsini shida a baya, da rubutun Larabci mai faɗin darajar kuɗin. Aninin farko da alminiyam aka yi shi, kuma yana cikin kuɗaɗen alminiyam na farko da aka kashe a kasuwa a duniya baki ɗaya. Bai jure yanayin ƙasar ba, ya riƙa cinyewa, shi ya sa tun 1908 aka koma buga shi da haɗin jan ƙarfe da nikel. Ke nan wanda ya tsinci anini marar nauyi, fari fat, duk ya ɓurme, ya tsinci abin da masu tara tsoffin kuɗi a ƙasashe da dama suka san tarihinsa.

A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta ƙasashen Afirka ta Yamma rainon Ingila, a 1913 ta fito da taro, sisi, sule da fataka na azurfa. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya azurfa ta yi tsada, sai a 1920 aka maye gurbinsu da na tagulla. Na azurfar da yawa sun ƙare a wutar maƙeran farfaru, sun koma zobba da awarwaro a hannun amare. Akwai ma kwabo mai shekarar 1936 da sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga gadon sarauta bai cika shekara ba. A Ingila kanta ba a taɓa kashe kuɗi mai sunansa ba, amma an kashe a kasuwannin ƙasar Hausa.

Sai na 1959, da Babban Bankin Najeriya ya fara aiki: taro mai kusurwa 12 da hoton auduga, fataka mai hoton gyaɗa. Sai Naira da kobo a ranar 1 ga Janairun 1973, da kobo 25 mai dalar gyaɗa. Na ƙarshe su ne na 2007, kobo 50 da Naira 1 da Naira 2, waɗanda suka shigo kasuwa tsadar kaya ta riga ta wuce da su, babu mai ƙosan da ta karɓa da daɗin rai.

Yau yaro ɗan shekara 15 zai ce wane "ba shi da ko anini", ko "ko sisin kwabo ban samu ba", alhali bai taɓa riƙe ɗaya daga cikinsu ba. Zai ce soja mai anini uku, bai san tauraron da ke kafaɗar sojan daga jikin wancan ƙaramin kuɗi ya samo suna ba. Rabin kwabo ma da ake kira ɗari, sunan ya samo asali ne daga wuri ɗari da ake canza shi da su. Harshen ya riƙe sunayen, kayan kuwa suna tafiya kilo-kilo zuwa kamfanonin narka ƙarfe.

Me ya sa gogaggen?

Masu tara tsoffin kuɗi a Amurka suna auna lafiyar kwandala da wani ma'auni da William Sheldon ya fito da shi a 1949, daga 1 zuwa 70. Mai lamba 70 shi ne wanda hannu bai taɓa ba, mai lamba 1 kuwa shi ne wanda ya goge har da ƙyar ake gane irinsa da shekararsa. An daɗe ana tseren neman na sama. Daga baya wasu suka juya, suka shiga gasar neman mafi gogewa, domin samun kwandalar da ta sha hannu har ta kusa zama sumul amma shekararta na nan a karance yana da wuya fiye da yadda ake zato.

Su sha'awa ce ta kai su. A Birnin Gwari akwai dalilin da ya fi wannan nauyi. Kwabo sabo fil da ke cikin gilashi a Landan daga ma'aikatar buga kuɗi ya wuce akwatin mai tarawa, bai taɓa sayen daddawa ba, don haka ba shi da labarin da zai bayar game da kowa. Wanda ya goge kuwa hannun mutane ne ya goge shi, shekara talatin ko arba'in daga lalita zuwa ƙoƙon mai nono, daga nan zuwa hannun mai karɓar haraji.

Harajin nan shi ne jigon labarin. Da Turawa suka ce da kuɗinsu za a riƙa biya, talakan da bai da su dole ya nemo. Wani ya noma auduga ko gyaɗa don sayarwa, wani ya tafi aikin kuza a Jos, wani ya shiga ramin zinare. Ƙasar Birnin Gwari na cikin wuraren da aka haƙi zinare sosai a shekarun 1930, kuma lebura da tsaba ake biyansa. Sule kwabo 12 ne, fam sule 20, wato anini 2,400 kafin a haɗa fam guda. Mutanen karkara sun daɗe ba sa son kuɗin takarda, don gara na ci, gobara na cinyewa, shi ya sa ake zuba sulalla a tulu a binne a ƙarƙashin gado ko gindin rumbu. Wani mai tulun ya rasu bai gaya wa kowa ba.

Idan aka tono irin wannan tulu a wani kufai, shekarar da ta fi kusa a cikin sulallan tana nuna cewa ba a binne shi kafin wannan shekarar ba, kuma akwai mutane a wurin a lokacin. A yankin da ƙauyuka da dama suka tashi, kuma rigimar gona ke jiran masu komowa, sanin wane wuri ne aka zauna, kuma a wane zamani, ya wuce abin wasa. Kwabo ba takardar mallakar fili ba ce, babu alƙalin da zai yanke hukunci da shi kaɗai. Amma yana iya ƙarfafa maganar dattijon da ya ce a nan unguwar kakanninsu take tun zamanin Sarki Joji.

Masu cewa akwai "makuri"

Babban abokin gabar tsohon kwabo bayan sikeli shi ne jita-jita. Daga lokaci zuwa lokaci sai a ji wasu na yawo a kasuwanni suna neman kwabo mai huji, ko tsohon dutsen guga na gawayi, ko keken ɗinki, wai akwai wani sinadari a ciki da ake saye da miliyoyi. Babu shi. Kwabon nan jan ƙarfe ne da nikel, na bayan 1952 kuwa tagulla, babu wani ɓoyayyen abu. Irin wannan zance ya taɓa tayar da hankali a Saudiyya a 2009 kan kekunan ɗinki na Singer, mutane suka saye su da tsada, aka tashi a tutar babu. Yadda damfarar ke tafiya sananne ne: wani ya zo yana cigiya da farashi mai tsoka, abokinsa ya ɓullo ta wani gefen da kayan, wanda ya saya don ya ci riba ya nemi mai cigiyar ya rasa.

Gaskiyar da ba ta da daɗin ji ita ce, an buga waɗannan kuɗaɗe miliyoyi a kan miliyoyi, kuma mafi yawansu, musamman gogaggu, ba su da wani farashin kirki a kasuwar duniya. Akwai 'yan ƙalilan masu wuyar samu, gwargwadon shekara da ɗan harafin ma'aikatar da ta buga su, kamar H ko KN na ma'aikatu biyu da ke Birmingham. Amma wanda ya ajiye kwabo da fatan zai sayi babur da shi, zai daɗe yana jira. Wannan ma hujja ce ta a riƙe shi: abin da mai gwangwan zai bayar a kan tafin hannu guda na kwabbai bai kai kuɗin kofin shayi ba.

Wani zai ce mutanen da ke neman abin sawa a baki, waɗanda har yanzu ke kwana da ido ɗaya, ina ruwansu da tarihin anini? Maganarsa na da ƙamshin gaskiya, kuma da aikin na buƙatar kuɗi ko kasada da sai a ce a bari. Kada kowa ya shiga dajin Kamuku ko Kuyambana neman tulun kuɗi, rai ya fi kwabo. Kada a tone maƙabarta, kada a fasa kangon wani. Ana maganar abin da ya fito da kansa ne wajen huɗa, ko haƙar ƙasar gini, ko wanda aka tarar a ƙasan adudun tsohuwa bayan rasuwarta. Shi ma na adudun, idan na magada ne, sai da izininsu.

Abin da ake buƙata kaɗan ne. Kada a dirje shi da toka, ko yashi, ko lemon tsami, domin ɗan rubutun da ya rage shi ne dukan amfaninsa, kuma dirza na tafiya da shi. A wanke da ruwa kawai, a shanya, a naɗe a takarda, a rubuta inda aka same shi da ranar. Idan tulu ne guda, kada a raba shi kafin a ƙirga a rubuta shekarun da ke ciki. Mai waya ya ɗauki hoton gaba da baya. Wanda ke da kaka a raye ya kai mata ta gani, ya kunna rikoda, ya tambaye ta me taro ke saye lokacin da aka kai ta ɗaki, nawa aka biya sadakinta, nawa ne harajin mijinta. Masu iya amsa waɗannan tambayoyi suna ƙarewa, kuma rikicin shekarun nan ya ƙara rage su.

Hukumomi ma da nasu laifin. Babban Banki na da gidan adana tsoffin kuɗi a Abuja, akwai gidan tarihi na ƙasa a Kaduna, akwai Gidan Makama a Kano, amma ɗalibin firamare a Gwaska ko Dogon Dawa ko Kuyello ba shi da hanyar zuwa ko ɗaya. Masarautar Birnin Gwari, ƙarƙashin Mai Martaba Malam Zubairu Jibril Mai Gwari na Biyu, da sashen ilimi na ƙaramar hukuma, za su iya sa kowane hedimasta ya tanadi akwati ɗaya mai makulli da littafi ɗaya, duk wanda ya kawo tsohon kuɗi a rubuta sunansa, da unguwarsu, da gonar da aka tsince shi. Kafinta zai haɗa akwatin a yini guda. Malamin lissafi zai sami abin koyar da anini goma kwabo, kwabo 12 sule, malamin tarihi kuma ya jera su a tebur daga 1907 zuwa 2007, yara su ɗaga da hannunsu su nemo shekarar da kansu.